Kwalbatin Gidan Nagode

Shekara huɗu ke nan kwalbatin Gidan Nagode yana shiga kasafin ƙaramar hukuma, yana fitowa ko bulo ɗaya ba a aza ba. Dalilin abin dariya ne, in da ba a mutuwa. Ƙa'ida ta ce ba a sakin kuɗin aiki sai jami'i ya je ya gani da idonsa. Da damina ko babur ba ya kaiwa rafin da za a yi kwalbatin a kai, saboda haka da rani ake zuwa, lokacin da kaza ma za ta tsallake shi. Sai a rubuta "babu ruwa, ba na gaggawa ba ne", shekara ta ƙare, kuɗi su koma inda suka fito.

Tukur, jami'in ayyuka a sakatariyar Mafara, sau uku yana rubuta hakan da hannunsa. Bana kuwa tsoro ya kama shi. Ƙanwarsa Hindatu a ƙetaren rafin take aure, ga ciki, haihuwa sai tsakiyar damina, asibiti kuma sai Bakura.

Ranar da za a rufe karɓar rahoto ya isa ƙauyen, ya rubuta gaskiya cewa aikin na gaggawa ne, mai gari ya buga hatimi. Ya juyo da rana tsaka, yashi na ƙona ƙafa. A tsakiyar busasshen rafin ya tarar da wata mata zaune, zanenta sharkaf, ruwa na ɗiga daga mayafinta. Yashin da ke ƙarƙashinta kuwa a bushe yake ƙamas.

"Sannu, baiwar Allah. Ina wuni? Ina gajiya?"

"Lahiya lau, Injiniya. Ina aiki? Ina mutanen Mafara?" Ta ɗago kai. "Kai na kar rubuta babu ruwa bara ko? Ni Turai ta. Tun damina nike nan, ban ƙetare ba."

Ya san sunan. Maƙwabciyar Hindatu ce, wadda ruwa ya tafi da ita tana naƙuda a kan hanyar asibiti.

"Na gyara bana," ya ce. "Wallahi na gyara."

"Miƙo in gani."

Ya miƙa. Ta shafa takardar a hankali, ta mayar masa.

"Ka gai da Hindatu. Ka ce mata akwai wuri nan kusa gare ni."

Bai san yadda ya kai sakatariya ba. Saura minti goma a tashi ya ajiye takardar gaban Mas'ud magatakarda. Mas'ud ya ɗaga ta da yatsu biyu, ruwa na zuba a kan tebur. Rubutu ya narke, hatimin mai gari ya wanke tas.

"Haba Malam Tukur, da ranin ga ina kas samu ruwa? Wagga ba ta karantuwa, kuma babu hatimi. Sai baɗi, in Allah ya kai mu."

Tukur ya fito ƙofa ya tsaya. A gabas, hadarin farko ya fara haɗuwa.