Kawu Maigamba na Gaskiya

Sai da motar ta take masa kunya biyu na gyaɗa sannan ta tsaya. Nababa ya miƙe daga durƙuson da yake, ya yi jifa da fartanya.

"Kai direba! Idonka a aljihu yake? Titin gwamnati ka gani a nan?"

Wani saurayi mai baƙin tabarau ya leƙo ta taga. "Yi haƙuri, Baba. Daga Kano muke, 'yan fim ne. Gidan Kawu Maigamba muke nema, an ce ba shi da lafiya."

Nababa ya turo hularsa gaba har ta rufe gira, ya yi gyaran murya sau biyu, ya ɗaga yatsa ɗaya sama.

"A wannan shekarar za ku take min gyaɗa, sannan ku ce in yi haƙuri? Ni za a gaya wa haƙuri?"

Sai motar ta kwashe da dariya gaba ɗaya. Wata yarinya a kujerar baya har tana dukan cinya.

"Wallahi ya iya! Baba, don Allah sake yi. Kai, ko Kawun da kansa sai haka! Kaset nawa ka kalla kafin ka ƙware?"

Nababa ya tsaya da yatsansa a sama kamar wanda aka dasa. Da kyar ya sauke hannun, ya nuna musu gidan da ke manne da nasa, wancan mai rufin kwano. Suka yi gaba suna ta maimaita maganarsa, aka bar shi da gyaɗar da aka murƙushe.

Kaset nawa ya kalla! To ai ba laifin yaran ba ne, ba su san komai ba. Kawu Maigamba dai Sama'ilu ne, maƙwabcin Nababa. Danga ɗaya ta raba gidajensu, layin gamba ɗaya ya raba gonakinsu, kuma rana ɗaya wanzami ya yi musu shayi. Da suna samari suna da ƙungiyar wasan kwaikwayo, duk ranar kasuwar Ɗanbatta sai su yi wasa a filin firamare. Nababa ne gwanin. Shi ne alƙali, shi ne attajiri, shi 'yan mata ke nunawa da baki. Sama'ilu fa? Ɗaukar akwatin kaya da jan labule, shi ke nan aikinsa.

Ranar da wani mutum ya zo daga gidan talabijin na Kano neman 'yan wasa, ranar aka ba wani ɗan wasa rawanin da Nababa ya saba naɗawa. Nababa ya yi fushi, ya zazzaga musu masifa, ya koma gindin darbejiya ya ce ba zai yi wasan ba, a zo a lallashe shi. Ba wanda ya zo. Aka tura Sama'ilu fili don ya cike gurbi, shi kuma da ya ga ba shi da abin faɗa, sai kawai ya turo hula gaba, ya yi gyaran murya sau biyu, ya maimaita masifar da ya gama ji yanzu-yanzu. Fili ya ɗauka. Mutumin Kano ya yi dariya har da hawaye, washegari ya tafi da Sama'ilu a motarsa.

Shekara ashirin da biyu ke nan, daga talabijin zuwa kaset. Bai taɓa fitowa a jarumi ba, bai taɓa yin waƙa da budurwa a lambu ba. Shi dai kullum kawun nan ne mai baƙar zuciya, wanda zai fito sau uku a fim, ya yi rigima a kan iyakar gona, a ƙarshe ya sha kunya. Hotonsa ma a can kusurwar fosta ake maƙala shi, ƙarami kamar kan sarki. Amma fa idan babu shi, masu kallo sai su ce fim ɗin ba gishiri. Har wani attajiri ya biya masa Makka, don kawai yana sa shi dariya. Sama'ilu mai jan labule ya dawo da haƙorin zinare, Nababa kuwa ko filin jirgi bai taɓa gani ba.

Da a ce Makkar ce kaɗai, da Nababa ya haɗiye. Abin da ke cin ransa shi ne, tun daga lokacin bai sake yin fushi an ji tsoro ba. Ya yi wa 'ya'yansa faɗa, su juya baya kafaɗa na rawa. Matarsa Barira ta rufe baki da gefen zani. Shekarar da wani ya ci masa taku huɗu na gona, ya kai ƙara gaban dagaci, gaskiya tasa ce kowa ya sani. Yana turo hula gaba, fada ta fashe da dariya, dagaci na share ido ya ce a je a sasanta. Taku huɗun nan har yau ba su dawo ba. Sama'ilu ya kwashe masa fushinsa ya kai kasuwa, ya bar shi da ɓawon.

Sai ga wannan shekara. Ruwa ya ɗauke gero na da ciki, kwanon hatsi ya yi tashin da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. A Kano kuma aka dakatar da harkar fim, masu kamara suka koma acaɓa. Sama'ilu ya sayar da babur, ya sayar da akwatin talabijin, sannan ciwon ƙoda ya kama shi. Ya dawo gida, motar haya ta sauke shi a bakin hanya, ƙafafu a kumbure, matarsa Huseina na riƙe da shi. Nababa na kan dakali ya ga shigarsu, kuma in za a faɗi gaskiya, ya ji daɗi. Daɗi sosai, irin wanda mutum ke neman gafara a kansa bayan salla, ya kuma sake jin sa kafin ya naɗe darduma.

To amma ko ciwon ma na Sama'ilu ya fi na kowa kasuwa. Motoci su zo, ledojin lemo da ayaba da madarar gwangwani su shiga, a shekarar da mutane ke kwana da kunun kanwa. Nababa ya yi zazzaɓin sati biyu bara, ban da Barira ba wanda ya leƙo.

Sau uku Huseina na magana da Barira ta kan danga. Wai Sama'ilu yana son ganin Nababa, yana so ya nemi yafiyarsa tun yana iya magana. Sau uku Nababa na cewa yana da aiki. Ya gane abu ɗaya sarai: duk abin da yake da shi Sama'ilu ya ɗauka ba tare da ya tambaya ba, sai wannan kaɗai. Wannan kam sai an roƙa, kuma a hannunsa yake.

"Malam, mutumin nan fa tafiya zai yi," in ji Barira da ya dawo daga gona ranar da aka take gyaɗar. "Jiya ko ruwa bai zauna masa ba. Ka ji tsoron Allah."

"Shi ya ji ne?"

"To kai ne za ka kwana da abin, ba shi ba."

Ba maganarta ce ta tashe shi ba. Dariyar yaran nan ce ke ta yi masa kuwwa a kunne, yana so ya kai ta inda ta fito. Da aka idar da la'asar, motar Kano ta tafi, ya saka takalmi ya zagaya.

Ɗakin na warin magani da man zafi. Sama'ilu na kwance a katifa a ƙasa, an tokare shi da matasai. Fuska ta zube, wuya kamar sillen kara, ƙafafu kuwa kamar turame. Huseina ta shimfiɗa tabarma, ta gaishe shi a durƙushe, ta fita.

"Nababa."

"Sama'ilu. Ya jiki?"

"Sake faɗa."

"Me?"

"Sunan. Wallahi tun da na tafi Kano ba mai kira na da shi sai kai. Ita kanta Huseina, in ta manta, Kawu take cewa."

"Ai ka ci riba," Nababa ya ce. "Suna biyu, Makka ɗaya. Yau yaranka suka take min gyaɗa, suka tambaye ni kaset nawa na kalla kafin in iya kwaikwayonka. Ni! Ni ne ke kwaikwayonka!"

Sama'ilu ya fara dariya, tari ya tare ta. Da ya lafa ya ce, "Ka yafe min. Ba wannan kaɗai ba. Ka tuna duk Sallah in na zo gida, sai ka tarar an matsar da tushen gamba ɗaya cikin gonarka?"

"Yaran Badaru na bayan gidanmu ne. Na sha kama su da duka."

"Ni ne. In sababbin maganganu sun ƙare min, sai in zo in matsar da gamba, in hau dakali in jira ka. Duk abin da ka faɗa a ranar, shi nake ci shekara guda. Ni fa ban iya komai ba, Nababa. Sau biyu ana ba ni wani matsayi, liman da likita, aka ce in tashi ban iya ba. Kai kaɗai na iya."

Wannan magana ita Nababa ya yi shekara ashirin da biyu yana jira. Ga ta ta zo, a ɗaki, ba kowa sai su biyu da ƙudaje. Ba dagaci, ba yaran fim, ba mutumin talabijin. Haushi ya turnuƙe shi. Ya miƙe tsaye, hannunsa ya kai ga hula.

"Wato har da tunzura ni kake in yi hauka a bainar jama'a? Na daki 'ya'yan mutane a banza? Sannan yanzu da ka ga rami..."

Sai ya tsaya. Idon Sama'ilu ba a fuskarsa yake ba, a hannunsa yake. Kuma can a kan bargo, yatsun nan da suka bushe suna motsi, suna bin yadda ya murza hular, leɓɓansa na maimaita maganar a hankali. Mutum na shirin haɗuwa da Ubangijinsa, amma yana ɗaukar darasi.

"Har yanzu? Har a nan?"

"Ban sani ba, wallahi. Hannun ne ya saba. Ka yafe min, Nababa."

"Sai na yi shawara. Gobe na dawo."

Ya fita bai ko yi wa Huseina sallama ba. A ransa ya riga ya yanke: zai yafe, mana, shi ba kafiri ba ne. Amma Sama'ilu ya kwana ɗaya yana jira, ya ji yadda zaman gindin darbejiya yake. Kwana ɗaya a kan shekara ashirin da biyu ai ba zalunci ba ne.

Washegari da hantsi yana gona yana tone gyaɗar da aka take, ko za a sami abin tsira a ciki, sai ya hango Barira tafe ta tsakanin kunyoyi, ba takalmi. Ba ta taɓa biyo shi gona ba tare da ƙwaryar abinci ba.

"Malam, sai haƙuri. Yanzun nan."

"Na ce masa fa yau zan koma."

"Huseina ta ce tun asuba yake tambaya ko ka shigo." Ta goge hanci da mayafi. "Kuma ya bar wasiyya. Ya ce kai za ka yi masa wanka."

Kafin azahar gari ya cika. Rediyo ya faɗa, motoci suka jeru tun daga bakin hanya har gindin kuka, wasu a cikin gonakin mutane. Nababa ya ratsa su kansa a ƙasa, amma ido ba ya jin magana, sai da ya ƙirga. Ashirin da bakwai, ban da babura. Ya san ranar tasa sahu uku ma da kyar, kuma ya ji kunyar kansa da ya yi wannan tunanin a ƙofar ɗakin gawa.

Aka sakaya ƙofa da asabari. Daga shi sai liman, Malam Abdussalam, mai zuba ruwa. An daka ganyen magarya an zuba a bokiti, likkafani na ninke a gefe. Nababa ya naɗe hannunsa da ƙyalle, ya yi bisimilla, ya fara. Jikin ba nauyi, sai ƙafafun. Ya wanke masa hannuwa, waɗannan yatsun dai na jiya, yanzu sun tsaya cak.

Da ya zo kan fuska sai hannunsa ya ƙi gaba. Sama'ilun da ya sani tun suna yara goshinsa sumul yake, yaro ne mai fara'a, ko an zage shi dariya yake yi. Amma ga wata tsaga mai zurfi tsakanin girarsa, biyu kuma sun sauko gefen baki, fuska a murtuke kamar an take masa gyaɗa. Nababa ya san wannan fuskar. Ita yake gani a madubin wanzami duk ranar Juma'a.

"Malam Nababa," liman ya ce a hankali, "jama'a na jira."

"Ƙaro ruwa."

Liman ya tsiyaya. Nababa ya sa babban yatsa a kan tsagar ya shafa ta sama, ta miƙe, yana ɗagawa ta dawo. Ya sake, ta sake dawowa. Ya sunkuya har gemunsa na taɓa kunnen mamacin.

"Na yafe, Sama'ilu. Ka ji? Tun jiya na yafe, wallahi, bakina ne kawai. Saki fuskar mana."

A waje wata motar ta tsaya, aka buɗe ƙofofi aka rufe. Liman ya kawar da kai, yana riƙe da moɗa a karkace. Ruwan magarya na gangarowa ta gefen goshin yana ɗiga a tabarma, Nababa na durƙushe yana ta shafawa da yatsa.