Talata Huɗu a Bakin Ƙofar Awo

Ɗamarar awon jinin ta ƙi zagaye damtsenta. Nas ɗin ta ja ta manna, abin ya ɓalle. Ta sake ja, ya sake ɓallewa.

"A miƙo mini babbar," ta ce da wata a bakin ƙofa.

Gimbiya ta runtse ido. Mijinta ne ya laƙaba mata wannan suna tun suna sabon aure, sunan ya bi ta har shagonta na ɗinki. Yanzu ga shi tsaye a gefen gado da rigar aikinsa ta gyaran firji, ya rungume jakarta a ƙirji.

"Tun yaushe kan ke ciwo?" nas ta tambaya.

"Kwana uku. Yau kuma ina ganin wani ƙyalli-ƙyalli."

"Motsin cikin fa?"

Gimbiya ta dafa cikin. "Jiya da safe, kamar na ji."

Shekara tara suka yi suna jiran wannan motsi. Al'adarta takan zo wata guda, ta ɓace wata huɗu, ita kuma kullum tana murna a banza. Daga ƙarshe wata likita ta gaya mata ba ɓoye-ɓoye cewa jikin ya yi nauyi, shi ya sa ƙwai ba ya fita a kan lokaci, ta rage ko kaɗan ne ta gani. Gimbiya ta daina hawa mota zuwa shago, ta koma takawa safe da yamma, ta rabu da lemon kwalba kamar an yi musu faɗa. A wata goma sha huɗu ta zubar da kilo goma sha ɗaya. Ranar da gwaji ya nuna ciki, mijin ya zauna a kan akwatin kayan aikinsa ya yi kuka kamar an mare shi.

Sai aka fara awo a ƙaramin asibitin unguwa. Can kuwa sikeli a tsakiyar zauren jira yake, mai rubutu kuma tana can ƙurya, don haka wadda ke aunawa sai ta ɗaga murya ta faɗi nauyin mutum. Ba mugunta ba ce, haka suka saba aikinsu, kuma ba wanda ya taɓa tunanin matso da tebur. A wata na biyar Gimbiya ta hau.

"Ɗari da goma sha bakwai!"

"Kai, baiwar Allah," wata ta ce daga kan benci, "'yan uku ne, ko duk naki ne?"

Zaure ya ɗauki dariya. Ita ma ta yi, don tun tana yarinya ta koyi riga mutane yi wa kanta dariya. Amma a banɗaki ta ƙarasa, fuska a cikin mayafi.

Ranar awo ta gaba mijin ya sauke ta a bakin ƙofa kamar kullum. Ta tsaya har babur ɗinsa ya sha kwana, ta juya ta tafi shago. Ta ce wa ranta sau ɗaya ne. Aka yi Talata huɗu haka, duk bayan mako biyu, kuma kowane dawowa amsarta ɗaya ce: "Sun ce lafiya lau."

Da ƙafafu suka fara cika, ta koma sa silifas ɗinsa. Da riguna suka matse, ai tela ce, ta farke ɗinki ta ƙara. Masu kawo ɗinki suna ta cewa ciki ya karɓe ta. Wa zai ga kumburi a jikin mai jiki? Ita kanta ta ɗauka ƙibar da ta kora ce ta dawo da gayya, wannan ya ƙara mata tsoron sikelin.

Babbar ɗamarar ta zo. Nas ta matsa, ta dubi na'ura, ta sake matsawa. Ta fita da sauri, ta dawo da likita, wata dattijuwa mai tabarau.

Likitar ta shafa mai sanyi a cikin, ta ɗora na'urar hoto. Ta kai ta dama, ta kai ta hagu, ta danna ƙasa. Ta daɗe. Gimbiya ba ta kalli allon ba, fuskar likitar take kallo, kuma tun kafin a yi magana ta riga ta ji.

"Ku yi haƙuri," likitar ta ce a hankali. "Zuciyar yaron ta tsaya."

Mijin ya ce, "A sake dubawa."

"Na duba sau uku, Malam. Wannan da kuke gani ba ƙiba ba ce, kumburi ne. Jininta ya hau sosai, irin hawan da ciki ke kawowa, kuma ya fi kama masu jiki. Yanzu ita muke so mu ceta. Za mu ba ta magani, mu tayar da naƙuda yau."

Naƙuda. Za ta sha wahalar haihuwa gaba ɗaya, ta koma gida hannu rabbana. Gimbiya ta nemi kuka ta rasa, sai wani nishi da ya fito mata wanda ba ta taɓa jin irinsa ba.

"Amma Likita, ta yaya?" Mijin ya matso kusa da likitar. "Matar nan ba ta taɓa fashin awo ba. Ni nake kai ta da kaina, ko aiki ya yi mini yawa. Me suke dubawa a can?"

Ya zuge jakar, ya lalubo katin awo, ya miƙa. Likitar ta buɗe. Layi huɗu fari fat, ba kwanan wata, ba sa hannu. Ta ɗago ta dubi Gimbiya ta saman tabarau, sannan ta rufe katin ta kife shi a kan tebur.

"Wani lokacin yana zuwa farat ɗaya," ta ce. Ta fita don a shirya ɗaki.

Da Gimbiya ta yi shiru, da maganar ta mutu a nan. Amma mijin ya fara laluben makullin babur.

"Wallahi yanzu zan je can. Sai sun gaya mini wadda ta duba ki ta ce lafiya lau."

Ta kamo hannun rigarsa da yatsunta da suka kumbura.

"Maigida, zauna."

"Sake ni, Gimbiya."

"Ban shiga ba." "Sau huɗu. Kana shan kwana nake juyawa."

Ya tsaya yana kallonta kamar da wani yare ta yi magana.

"Me ya sa?"

"Suna faɗin nauyina da ƙarfi. Mutane suna dariya."

Ta jira tsawa. Ta ma so ya yi, ko za ta samu abin riƙewa. Sai ya zame ya zauna a ƙasa, bayansa jingine da ƙafar gadon, makullin ya faɗi a tsakanin ƙafafunsa.

"Kin gaya mini," ya ce can, ba tare da ya juyo ba. "Ranar nan da kika dawo idonki ja, kin gaya mini abin da matar ta ce."

Gimbiya ta dubi ƙeyarsa.

"Ni ma na yi dariya, ko?"

"Ka yi," ta ce.