Makullin Gidan Uwata

Shekara ashirin da biyu ina gasa burodi saboda makarantar firamaren Kilmoyna, ƙauyenmu na asali can ƙetaren teku. Ashirin da biyu fa! Duk watan Maris, mu 'yan Kilmoyna da ke zaune a Boston sai mu taru a zauren cocinmu na unguwar Dorchester bayan sujadar Lahadi. A dafa naman rago da dankali, a zuba shayi kamar ba gobe, 'yan mata su yi rawar gida, sannan a zagaya da kwando. Da kuɗin wannan kwando muka yi wa makarantar rufi, muka sayi motar ɗaukar yara, muka gina ɗakin karatu. Kowane abu kuwa sai an manna masa allon tagulla mai ɗauke da sunayenmu, don kada Ubangiji ya manta.

Shugaban ƙungiyarmu, Festy Padden, shi ke jawabi. Jawabin guda ɗaya ne tun farko. Daidai inda zai ce ya taka mil uku zuwa makarantar nan ba takalmi, a nan yake fashewa da kuka. Ajinmu ɗaya da Festy. Gidansu na kallon ƙofar makarantar, kuma ubansa ne mai sayar da takalma.

Bana 'yata Sorcha ta kawo sabon salo. Ita da mijinta Declan da 'ya'yansu uku a benen gidana suke, saman kaina. Cormac, Orla da Fintan. Tun asuba suke sukuwa kamar dawaki, ni kuma ina dukan silin da sandar tsintsiya, su rama da ƙafa sau uku. Haka muke gaisawa. To, Sorcha ce ta ce a kafa babban allon bidiyo a zaure, shugabar makarantar ta yi mana godiya kai tsaye daga gida. Na ce madalla, ko ba komai a rage wa Festy lokaci.

Aka kunna. Sai ga Malama Attracta Lavelle, siririya, gilashi a bakin hanci, bayanta ga ɗakin karatunmu fes, ba kowa a ciki.

Ta ce, "Mun gode, Allah ya saka. Amma bana don Allah ku riƙe kuɗinku."

Festy ya matso da kunne. "Malama, me kika ce?"

"Yara bakwai suka rage mini. Hukuma ta rubuto, in ba su kai goma ba kafin Satumba, za a rufe makarantar. Rufi muna da shi. Mota muna da ita, direba ya fi fasinja yawa wata rana."

Festy ya ce, "To me za mu aiko? Ki faɗa, ko mene ne."

Ta ce, "Makullai. Gida talatin da ɗaya ne a Kilmoyna, sha tara a kulle, kuma naku ne. Kuna zuwa sati biyu a watan Agusta, ku buɗe taga, ku je maƙabarta ku yi kuka, ku sake kullewa. Duk wanda ya yi aure a nan ba ya samun inda zai sa kansa, sai ya kwashi matarsa ya koma birnin Castlebar. Ku ba da hayar gidajen nan ga masu yara. Shi ke nan roƙona."

Wallahi kunya ta kama ni har cikin ƙashi. Ni kuwa in na ji kunya, faɗa nake yi.

Allon na mutuwa aka fara tari da gyaran kujera. Concepta Ruddy ta ce ita dai kofunan tangaran na kakarta suna cikin kabad, yara kuwa ba su san tangaran ba. Wani ya ce bututun ruwan gidansa ba zai jure sanyin hunturu ba. Festy ya share ido, ya ce gadon da mahaifiyarsa ta cika a kai yana nan yadda ta bar shi, ba zai iya tunanin baƙo a kansa ba. Sannan ya kawo shawara: a kafa kwamiti, a yi wata liyafar a watan Mayu.

Na miƙe. "Liyafar me, Festy? Mu gasa yara uku a tanda mu aika? Matar nan ta ce makulli, kai kana cewa shayi!"

"Nuala, zauna mana."

"Ba zan zauna ba! Shekara ashirin da biyu muna manna sunayenmu a bango, ashe kabari muke yi wa ado. Ke Concepta, kofunan nan sau nawa kika sha shayi a cikinsu? Gizo-gizo ma ya fi ki morarsu. Ku dai kuna son ƙauyen ya zauna kamar hoto, in kun je ku same shi yadda kuka bari, ko hayaƙi babu!"

Festy ya gyara tsayuwa, ya yi wani murmushi da na tsana tun muna aji uku. "Nuala Gaughan, laifi tudu ne. Gidan uwarki da ke bakin gada fa? Na ji an ce ko limamin coci ba kya ba wa makullinsa."

Gaskiya ya faɗa, abin da ya ƙara ƙona min rai ke nan. Makullin na cikin jakata kullum, ɗaure da jan zare, tun ranar da muka binne uwata. Na zaro shi na buga a kan tebur har cokula suka yi tsalle.

"Ga shi nan! Duk mai yara da ke so ya ɗauka, ko sisi ba na nema. Saura naku!"

A raina wasu ma'aurata nake hangowa can Castlebar, waɗanda ban sani ba. Na tsaya ina huci, ina jiran in ga wa zai bi bayana. Ba wanda ya motsa. Sai wani hannu ya zo ta gefen kafaɗata ya ɗauke makullin. Na san zoben.

"Sorcha, ajiye min abina."

"Mama, kin ce duk mai yara."

"Ban ce ke ba!"

"Uku gare ni. Bakwai da uku goma." Ta dubi mijinta, shi kuma ya sunkuyar da kai kamar wanda ya saci nama a tukunya. "Shekara biyu muna maganar nan ni da Declan. Aikinsa a kwamfuta yake, ko ina zai iya yi. Tsoron tambayarki gidan muke yi, mun san ba za ki bayar ba."

Zaure ya ɓarke da tafi. Tafi! Concepta har da guɗa irin tata, kofunanta sun tsira. Festy ya rungume ni yana kuka, wannan karon a wurin da ba ya cikin jawabi. Na so in shaƙe shi. Baki shi ke yanka wuya, nawa kuwa ya yanka a gaban mutum ɗari da hamsin.

A mota na yi duk abin da zan iya. Na ce gidan na yoyo. Na ce ruwan sama ba ya tsayawa a yankinmu na Mayo, yara za su yi ta mura. Na ce ni da ubanta yunwa ce ta koro mu, ba yawon buɗe ido ba, yanzu ita za ta kwashi jikokina ta mayar da su inda muka gudo?

Ta ce, "Mama, tun ina cikin zanen goyo kike ce min babu wuri kamar Kilmoyna. Ki ce min ƙarya kike yi, in mayar miki da makullin yanzu."

Na kau da kai ina kallon titi. Ta yi ta tuƙi.

Sun tafi a watan Yuli. Ranar farko ta Satumba Malama Attracta ta aiko da hoto: yara goma a ƙofar makaranta, uku a gaba da hancin gidanmu, Fintan ya sa rigar sanyinsa a baibai. Makaranta ta tsira. Sauran gidaje sha takwas suna nan a kulle, lafiya lau.

Jiya da safe Festy ya bugo waya, wai kwamiti ya yanke shawarar a yi min allon tagulla na musamman, yana tambaya yadda nake so a rubuta sunana. Na faɗa masa inda zai manna shi, wurin da ba ya faɗuwa a gaban mutane, na kashe wayar.

Na zuba shayi. Gidan shiru, har agogon bango nake ji. Ban san lokacin da na ɗauko tsintsiya ba. Na daki silin sau ɗaya, na tsaya da sandar a hannu ina jira, har shayin ya huce.