Amsa-amon Baba

Baba tela ne, kuma a shekara talatin da aure, kalma mafi daɗi da na taɓa ji ya faɗa wa Umma ita ce, "Gishirin ya yi daidai." Sai da ta yi sati biyu a asibiti ta dawo, tsoro ya kama shi kada ta tafi ba ta ji komai daga bakinsa ba. Bakin kuwa ya ƙi buɗuwa. Shi ne ya yanke shawarar rubuta mata waƙa.

Mai gyaran rediyon da ke jikin shagonsa ne ya ɓata lamarin. Mutumin nan bai taɓa rubuta ko baiti ɗaya ba, amma ya rantse wa Baba cewa in ƙarshen layuka bai zo da sauti iri ɗaya ba, to ba waƙa ba ce, wasiƙa ce. Wai shi ne amsa-amo. Baba ya zaɓi sautin "iya", ya yi kwana tara yana fama.

Ranar karatu, bayan abincin rana, ya tsaya tsakiyar falo, tef ɗin awo na rataye a wuyansa. Umma na ninke wanki, ni ina taya ta.

Farkon ya tafi sumul: masoyiya, zuciya, gaskiya, duniya. Umma ko kai ba ta ɗaga ba. Daga nan kalmomin kirki suka ƙare. Ya kira ta rijiya. Ya kira ta tsintsiya. Sai muka ji, "Wajen haƙuri ke ce tunkiya."

Umma ta ajiye zanen hannunta. "Malam, wace ce tunkiyar?"

"Ba ni ba ne," in ji Baba. "Amsa-amo ne ya kawo ta."

"Me ke biye da ita?"

Baba ya leƙa takardar. Ni da nake kusa na hango "mujiya", na danne bakina da tawul.

Umma ta fizge takardar, ta sa tabarau. Can ƙasa ta ga wani layi da aka soke da biro, ta karanto shi da ƙyar: "Ranar da aka kwantar da ke, na ɗinka wa wando aljihu a gwiwa, ban gani ba sai da mai shi ya sa."

"Wannan fa, me ya yi aka kashe shi?"

"Bai hau ba. Mai rediyo ya ce zance ne kawai."

Ta daɗe tana kallon layin. Wallahi ban taɓa jin tausayin Baba irin na lokacin ba, yana tsaye yana murza tef kamar mai jiran hukunci.

Ta miƙa masa takardar, yatsanta a kan wurin. "Karanta min shi da bakinka. A hankali."

Baba da ya zuba baiti ashirin ba gargada, ya gyara murya, ya fara. Yana zuwa kan "kwantar da ke" muryar ta maƙale, ya kasa wucewa.

"Ya isa," in ji Umma. "Na ji."