Abin da Yake da Lamba

A daminar 1976 Silvanus Zamani, tsohon mai duba tikiti a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, ya sanya kwat ɗinsa ta zuwa coci ya tafi caji ofis domin ya kai rahoton ɓatan ɗansa, Bartholomew. Tun da aka binne Angelina, uwar yaron, su biyu suka rage a gidan, kuma hira ba ta taɓa yi musu yawa ba. Wata safiya Bartholomew ya hau babur ɗin da uban ya saya masa, ya ce zai je Kagoro. Bai dawo ba.

Kofur Mijinyawa, wanda yake kan kanta a ranar, ya saurare shi da ladabi, sa'an nan ya bayyana masa cewa a idon hukuma mutum mai gemu ba ya ɓata, tafiya yake yi. Da keke ne, ko wani abu mai lamba, da an san ta inda za a fara.

Silvanus ya tsufa a aikin gwamnati, ya san ba a gardama da ƙa'ida, kewaye ta ake yi. Washegari ya dawo cikin kwat ɗin nan, ya ce an sace masa babur. Takardun babur ɗin da sunansa suke, saboda haka ƙaryar da ya yi wa hukuma ba ta da yawa.

Da aka tambaye shi launin babur ɗin, ya yi ta kai da komo tsakanin ja da ruwan goro. Lambar ma sai da ya duba takarda. Amma da kofur ya tambaya ko akwai wanda yake zargi, bakinsa ya buɗe. Ɓarawon, in ji shi, dogo ne mai siririn wuya, yana da tabo a girar hagu tun da ya faɗo daga bishiyar mangwaron makarantar mishan, ba ya cin miyar kuɓewa, kuma in ruwa ya dake shi tari yakan kama shi.

Kofur ya ajiye biro.

"Baba, ka san in muka kama shi gidan yari za shi?"

"Na sani, Kofur. Gidan yari ba shi da nisa, kuma na ji ana barin mutum ya kai abinci."

Aka aika da lambar zuwa sauran ofisoshi. Kowace Lahadi, in an tashi daga sujada, Silvanus yakan biya ya zauna a benci har sai an ce masa babu labari, ya yi godiya, ya koma gida ya ɗumama tuwon jiya.

Wajen kaka labari ya zo. An gano babur ɗin a Kujama, wurin wani bakanike da ya ce wani saurayi ne ya sayar masa, ya hau motar kaya, bai faɗi inda za shi ba. Sufeto da kansa ya fito ya miƙa wa Silvanus hannu, domin ba kullum ake samun irin wannan nasara ba. Ya ce tun da kaya sun dawo hannun mai su, an rufe magana.

Silvanus ya jira sufeton ya shige, ya sunkuya kan kanta.

"Kofur, bakaniken nan bai ce ko yaron ya rame ba?"

Kofur ya ce ba a yi wa bakaniken wannan tambayar ba. Ya ƙara da cewa an dai ce takalmin yaron sabo ne.

Silvanus bai taɓa koyon tuƙa babur ba. Tura shi ya yi, ya tsallake layin dogo da shi, ya bi ta bakin kasuwa, mutane suna yi masa barka. Da ya isa gida bai shigar da shi ciki ba. Ya jingine shi a ƙofa, inda ake hango shi daga titi, ya bar makullin a jikinsa.

Rani ya wuce, wata daminar ta sauka, tayoyin suka sace. Duk faɗin Kafanchan ba a sami wanda ya taɓa shi ba.