Sashe na Bakwai

Taswirar ta babana ce. Shekara talatin ya yi yana koyarwa da ita kafin ya bar mini. Ta yadi ce, an zana ta tun kafin a sami 'yancin kai, garuruwan cikinta ma da sunayensu na da. Ta tsufa har ta koma ruwan ƙasa, amma ko ƙuda ban yarda ya sauka a kanta ba. Na rataye ta gefen allo a ajina, aji biyar, na ce wa yara kallo kyauta ne, hannu kuwa kowa ya bar nasa a aljihu.

A zangon nan muka shiga darasin yadda ake tafiyar da ƙasa. Ina cewa majalisa, ina cewa kotu, su kuwa sai hamma suke kamar an biya su. Da na gaji, na ce to mu mai da ajin nan ƙasa. Suka jefa ƙuri'a a kwalin alli, suka zaɓi shugaba da 'yan majalisa, suka kwashe mako guda suna hayaniya kafin su rubuta tsarin mulki a bayan wata tsohuwar kalanda. Sashe goma ne, yawancinsu a kan wa zai goge allo, wa zai zauna bakin taga. Na bakwai ne ya fita daban: "Ba za a hukunta kowa ba sai an ji ta bakinsa." Wanda ya kawo shi wani siririn yaro ne mai in'ina, suna ce masa Tsinke, shi kuma suka zaɓa alƙali, ina jin don tsokana. Na sa hannu a ƙasan takardar da jan biro ina murmushi, don a zatona dokar tasu ce, ban da ni.

Akwai kuma Barkono. Yarinya ce 'yar ƙarama, amma babu namijin da bai san zafin hannunta ba. Wajen kakarta take zaune. Hedimasta ya riga ya faɗa mata a gabana cewa takarda ɗaya tak in ta sake zuwa ofishinsa da sunanta, ta kwashe littattafanta ta tafi gida ke nan.

Ran Laraba na dawo daga hutun tara, na tarar da taswirar babana a yage, daga tsakiya har kusan ƙasa. Benci na kife a ƙarƙashinta, Barkono na tsaye a gefe, sauran yaran sun taru a baya. Idona ya rufe. Ni mai saurin fushi ce, ban taɓa ɓoyewa ba. Na yago takarda, na rubuta layi uku, na miƙa mata.

"Ungo, kai wa Hedimasta. Na gaji da ke."

Ta karɓa ta juya. Ta kusa bakin ƙofa sai na ga wani siririn hannu a sama.

"Ma-Malama, sashe na ba-bakwai."

"Zauna, Tsinke. Wannan ba wasa ba ne."

Bai zauna ba. Ya nuna kalandar da ke bango ya ce, "Ai ke-ke ma kin sa hannu."

Ido arba'in da biyu suka juyo kaina. Wallahi na so in daka masa tsawa, kuma na san tsawa ɗaya ta isa. Amma na san in na yi ta, duk abin da na koya musu wata biyu ya tashi a banza: za su haddace shi don jarrabawa, su kuma gane cewa doka ta ƙanana ce kawai. Sai na fasa.

"Barkono, dawo. Mai shari'a, ga kujera."

Tsinke ya hau kujerata, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Ya ɗauki dasta ya buga a tebur, ƙurar alli ta tashi ta sa shi atishawa, ajin ya fashe da dariya. Ni na tsaya a matsayin mai ƙara.

"Mai ƙara, ki-kin ga lokacin da ta yaga?"

"Ban gani ba."

"Akwai wanda ya gani?"

Babu. Duk suna waje lokacin. Sai a nan na lura da abin da ya faru: ba ni da shaida ko ɗaya. In yarinyar nan ta ce ba ita ba ce, kotun da na kafa da hannuna za ta sake ta, ni kuma in ji kunya a gaban ajina. Ita ma ta gane, don na ga ta ɗago ta kalle ni.

Tsinke ya juya wajenta. "Ke kika yaga?"

"Ni ce."

Ajin ya ɗauki guna-guni. Ya sake buga dasta.

"Ya-yaya aka yi?"

Ina jin a duk rigingimun da ta yi a makarantar nan babu wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar, har da ni. Da ta buɗe baki, muryar ba irin ta faɗa ba ce.

"Mamata ce ta tafi aiki asibitin wani gari, shekara biyu ke nan. Ta faɗa mini sunan garin. Kullum ina duba taswirar daga wajen zamana, ban gan shi ba. Yau da kowa ya fita na hau benci in duba kusa, bencin ya goce, sai na kamo ta." Ta share hanci da bayan hannu. "Ranar nan ma na tambaye ki, Malama, kika ce in rufe miki baki."

Gaskiya ta faɗa. Na tuna ranar, na ɗauka iskanci za ta yi mini. Kunya ta kama ni irin wadda rabona da ita tun ina yarinya.

Kotu ta haɗa kai da 'yan majalisa a lungun aji, aka yi ta ƙus-ƙus. Tsinke ya dawo ya yanke hukunci, kuma abin mamaki, ko sau ɗaya bai yi in'ina ba. Barkono ta taɓa abin da aka hana taɓawa, don haka ita za ta ɗinke shi. Takardar Hedimasta kuwa an soke ta.

"Mai ƙara kuma ta karya sashe na bakwai. Sharar aji, kwana uku."

Ihun da suka yi sai da malamin aji huɗu ya leƙo. Na karɓi takardata daga hannun Barkono na yayyaga ta a gabansu.

Washegari bayan an tashi, ina shara, Barkono tana kan teburina da allurar kakarta da baƙin zare, ta fito da harshe tana ɗinki. Ɗinkin karkatacce ne, da babana ya gani da ya riƙe baki. Na jingine tsintsiya na ce ta faɗa mini sunan garin. Tana faɗa na gane abin da ya ɓatar da ita: bayan 'yancin kai aka sauya masa suna. Na kama yatsarta na ɗora a kan sunansa na da, can sama kusa da kogi, na ba ta labarin yadda aka yi aka sauya.

Ta ƙura wa wurin ido. Sai ta ɗora babbar yatsarta a kan garinmu, ta buɗe ɗan tafinta iya ƙarfinta har yatsar tsakiya ta taɓa garin mamarta.

"Malama, ashe taƙi ɗaya ne kawai!"

Ban gaya mata kwana biyu ne a mota ba, na bar wannan sai darasin ma'auni. Na ce ta ƙarasa ɗinkinta, ni kuma na ɗauki tsintsiyata, don saura mini kwana biyu.