Gonar da Ba Ta Ciyawa

Duk Kurgu babu wanda ya tsani noman ciyawa kamar Badamasi. Mutumin nan in ya hangi fartanya, nan take ƙugunsa ke fara ciwo.

Gonaki biyu mahaifinsu ya bar musu, shi da ƙanensa: fadama ta bakin gulbi, da wani fili a bayan gari. Filin nan aronsa aka ba tsoho Maidawa, ya yi shekaru yana fasa matattun batiran mota da ake tsallakowa da su daga Benin, ya narka dalmar, masunta su saya su ɗaura a gindin taru. Ruwan batir da toka duk nan yake zubarwa. Da hayaƙin ya cinye masa ƙirji ya bar sana'ar, filin ya zauna fes kamar daɓen ɗaki, ko tsinke babu.

Ranar rabon gado Badamasi ya yi caraf ya ce shi ne babba, filin yake so, ya bar wa ƙanensa Albashir fadama saboda zumunci. Zumuncin ƙaniya! Kowa ya san abin da ya hango. Matarsa Saratu ta ɗora hannu a ka, ta tuna masa rumbu wayam yake, ga yara.

"Ke dai zura ido," in ji shi. "Gonar ga, Allah ya riga ya nome mani ita."

Ruwa ya sauka, ya shuka gero, ya shimfiɗa tabarma a gefe yana yi wa masu duƙe sannu da wahala. Geron ya leƙo rawaya, ya kai tsawon yatsa, ya kwanta. Ya sake da dawa, haka. Wake ko leƙowa bai yi ba. Ya zargi iri, ya zargi bakin mutane, ya zargi aljanu, daga ƙarshe ya tafi wurin Maidawa a fusace.

Tsohon ya gama tarinsa, ya dube shi.

"Ɗana, ƙasar da ba ta raga ma ciyawa ba, gero za ta raga mawa? Kada ma ka bar yaranka su yi wasa wurin."

Tun daga shekarar Badamasi yake ƙwadago a fadamar Albashir, yana noman ciyawa a biya shi da hatsi. Albashir bai taɓa yi masa gori ba, wannan kuwa ya fi komai ci masa rai.

Daminar bana ƙarangiya guda ta tsiro a gefen filin. Badamasi ya kewaye ta da ƙaya, yana ba ta ruwa da buta, har ya kori akuyar liman da dutse. Na je musamman don in yi masa dariya, na tambaye shi ko tuwon ƙarangiya za a yi.

Bai ko ɗago ba.

"In ta rayu," in ji shi, "wataƙila jikokina su ci gonar ga."